Wutar Kashin Shanu da Gawon Baba

Garhanga, ranar Talata, farkon yankan gero

Zuwa ga ƙanena Mu'awiya, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Ummukulsum da yara, kamar yadda muke a nan. Allah ya ƙara maka buɗi a wurin nema, ya kuma tsare mana kai. Mu nan damina ta yi kyau gwargwado, gero ya nuna, wake ne dai tsutsa ta ɗan taɓa. Ƙafar maigida ta yi sauƙi, har ya koma faɗansa na kullum, ka ga kuwa lafiya ta samu. Ka riga ka ji a waya cewa autata Rufaida ta sauka lafiya, an samu mace, an sa mata Ikram. Jiya aka yi arba'in. Shi ya sa yau na zauna in rubuta maka abin da na hana kowa ya faɗa maka, tunda Imrana mai fataucin albasa zai tashi jibi, zai ba ka hannu da hannu.

Maganar gawon Baba ce. Ka tuna wayar da muka yi da kai wata uku da suka wuce, da na ce maka babu itacen wankan jego, kuma maigida ya ce sai an sare gawon da ke tsakiyar gonarku ta gado. Ka yi shiru har na zaci layi ya yanke, sannan ka ce a sare. Tun ranar ba ka ƙara tambaya ba, ni kuma na san abin yana cin ka, don ni na goye ka, na san irin shirunka. To ka karanta a jere, kada ka tsallaka ƙarshe kamar yadda kake tsallake tuwo ka fara da nama.

Kai kana ƙarami lokacin, amma ni ina tuna shekarun da tudun nan namu ya zama fili fetal, babu inuwar da akuya za ta tsaya. Inna takan fita neman itace da hantsi, sai la'asar ta dawo da ɗan abin da bai kai dafa tuwon kwana biyu ba. A lokacin ne Baba ya ga tsiron gawo a gona, bai kai tsawon taɓarya ba. Ya yagi bakin rawaninsa ya ɗaura masa don kada mai noma ya share shi, ya kewaye shi da ƙaya, ya ce duk wanda ya taɓa shi su haɗu. Yau mutum biyu ba sa haɗa hannu a jikinsa, kuma geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina a gonar. Abin da Baba ya bar mana da hannunsa ke nan wanda har yanzu yake numfashi.

Yanzu bari in koma farkon zancen. Da rani aka tara mu a ofishin magajin gari aka ce akwai tallafin gwamnati ga gidan da ke son barin murhun itace. Su za su kawo siminti da tiyo da murhun ƙarfe da magini, mai gida kuma ya haƙa rami, ya kawo yashi da tsakuwa, sannan ya zama yana da shanu. Aka ce wuta za ta fito daga kashin shanu. Mata suka yi ta dariya, don mu mun san ƙona busasshen kashi in itace ya gagara, mun san hayaƙinsa da warinsa. Mai bayanin ya ce ba wannan ba ne, ɗanyen kashi ake damawa da ruwa a zuba a rami, iskar da ta taso daga cikinsa ita ke kamawa. Ni dai Rufaida nake tunani, don ta zo goyon ciki, mijinta Nazifi yana Aljeriya bai dawo ba bana, kuma ka san wankan jego tukunya ce babba safe da yamma har kwana arba'in. Da aka tambayi masu shanu, na ɗaga hannu kafin maigida ya gama gyaran murya. Muna da huɗu, aka rubuta mu.

Wani magini mai suna Mahdi ya zo ya gina abin a bayan garke. In ka gan shi kafin a rufe da ƙasa, sai ka ce rumbun laka ne aka binne. Muka yi ta zuba masa kashi da ruwa, ya yi kwanaki yana shiru, maƙwabta suna leƙowa suna tambaya ko tuwon ya nuna. Iya Yelwa ungozoma, wadda ta yanke cibiyarka da ta ƴaƴana duka, ta zo ta tsaya da sandarta ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce ita a hannunta ba za a yi wa mai jego wanka da ruwan da ƙazantar dabba ta dafa ba, a nemo itace na gaskiya.

Mu'awiya, ranar da Mahdi ya murɗa ɗan makunnin ya ƙyasta ashana, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Wuta ta tashi shuɗiya, a zagaye, ba hayaƙi, ba ƙara, ba toka. Na kai hannu don ban yarda ba, ta ƙone ni. Na ɗora tukunya, ruwa ya tafasa, na juya gindinta na ga yadda na ɗora ta haka na sauke ta. Shekara arba'in ina girki ido na hawaye, ranar na yi tuwo ina kallon abin da nake tuƙawa. Sai na tuna Inna da tarin da ya tafi da ita, na tuna tafiyar da ta sha a kan duwatsu, alhali wutar tana nan kwance a garkenta, muna tsallake ta kullum muna toshe hanci. Na yi kuka sosai, kuma har yau in na kunna ta sai na yi tasbihi, don abin ya fi ƙarfin hankalina. Allah ya ɓoye wuta a cikin abu mai sanyi da danshi, ya bar ta nan tun zamanin kakanni har ranar da ya ga dama.

Daga nan muka saki jiki. Karan geron da nake tarawa kowace shekara saboda girkin damina, na bari aka yi danni da shi, saura kuma dabbobi suka cinye. Da shuka ta fito kuma, makiyayin da muke ba kiwo ya zo kamar kullum, maigida ya kora masa shanun nan huɗu suka yi arewa sai kaka. Ni da kaina na ba shi fura ya sha, na yi masa addu'ar sauka lafiya. Wallahi babu wanda ya kawo komai a ransa a cikinmu. An tambaye mu ko muna da shanu, muka ce muna da su, kuma gaskiya muka faɗa. Ba a tambaye mu inda suke kwana da damina ba, mu kuma ba mu ga abin faɗa a ciki ba, tunda haka muka tashi muka ga ana yi. Wutar ta yi ta raguwa kaɗan kaɗan, ina zargin tiyo, ina zargin Mahdi. Da ya zo ya leƙa garke ya gan shi wayam, sai ya cire hula ya yi ta sosa kai. A nan na gane mun kora abincin wutarmu daji da hannunmu, ga Rufaida saura ƙasa da wata biyu.

Ka san itacen kasuwa da damina ba na irinmu ba ne, balle na kwana arba'in. Shi ne maigida ya ce gawo kaɗai ya rage, a sare shi yanzu ya samu ya sha iska kafin haihuwa, zai je ya nemi takardar izini wurin ma'aikatan daji. Kada ka riƙe shi a zuciya, ƴarsa yake ji. Ka san kuma yadda gawo yake da damina, ya zubar da ganye tas, ya tsaya kamar busasshe, mai gatari ba ya jin nauyinsa. Ranar ce na kira ka. Da ka ce a sare, sai na ji ni ce ba zan iya ba. Na roƙi maigida kwana goma, ban san ma abin da zan yi da su ba. Ya ba ni, amma ya wasa gatarinsa ya jingine a bakin zaure inda zan riƙa ganinsa.

Kwana biyu da haka Iya Yelwa ta zo duba cikin Rufaida, ta tarar da ni zaune gaban mataccen murhu. Na zaci za ta ce ai ta faɗa. Ta tambayi gatarin mene ne a zaure, na gaya mata. Sai ta ce, "Wanga icce gabana ubanku yaɗ ɗaura mishi tsumma. Ba a sare shi ina numfashi." Ta tambayi abin da ramin yake ci, da yawan da yake ci a yini, ta ɗauki sandarta ta fita ba sallama.

Ka san al'adarmu, in mace ta haihu kowace maƙwabciya takan zo barka da ɗan itace ɗaya ko biyu na gudummawa. Ashe gida gida tsohuwar nan ta bi, ta ce gudummawar Rufaida ba itace ba ce, ɗanyen kashin shanu ne, kuma ba za a jira haihuwa ba. Washegari da hantsi na ji sallama, na fito na ga mata a jere tun daga ƙofa har gindin rijiya, kowacce da tsohon kwano a ka. Mai saniyar tatsa ta kawo, masu shanun amalanke sun kawo, waɗanda ba su da komai sun bi burtali sun kwaso. A'i matar liman, wadda ko ƙofar garke ba ta bi don tsabta, tana cikin layi ta kawar da fuska gefe, kwanonta ya fi na kowa cika. Ana ta dariya ana tsokanar juna. Iya Yelwa ta zauna a kan turmi tana duba kowane kwano, mai busasshe ta mayar da ita.

Haka suka yi ta yi kullum, ramin yana shiru. Kwana na bakwai cikin goman da na roƙa babu komai, na takwas ashana ta ƙone har yatsana. Maigida ya daina haɗa ido da ni. Rana ta tara da safe na murɗa makunnin na ji wani ɗan huci, na ƙyasta, sai ga ta, ƴar ƙarama, tana rawa kamar za ta mutu. Na tsugunna na kare ta da tafin hannu har ta zagaye murhun ta tsaya. Ban kira kowa ba. Na je zaure na ɗauko gatarin na mayar da shi bayan rumbu inda yake zama, maigida yana kallona.

Da Rufaida ta sauka, Iya Yelwa da kanta ta tsaya a kan tukunyar farko. Ta jefa ganyen bedi, wato darbejiya, ta jira ya tafasa, ta sa masa ido kamar mai neman laifi, ta shinshina tururin. Sannan ta ce, "Ruwan ga ya dahu. Ku kawo mai jego." Kwana arba'in safe da yamma wutar nan ba ta yi mana fashi ba, matan nan ma ba su yi ba, har ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya sai da mutum shida suka zo a jiƙe. Na so in faɗa maka tun ranar da ta kama, amma na ji tsoron in sa maka rai wutar ta sake mutuwa. Na bar ka da baƙin ciki wata uku, ka yafe mini wannan. Shanu sun kusa dawowa, kuma baɗi biyu za su zauna a gida ko makiyayi zai yi fushi.

Maigida yana gaishe ka, da Mahfuzu da iyalinsa, da Fatsima, da Rufaida wadda ta ce kawu ya zo ya ga jikarsa tun ba ta fara gudu ba. Iya Yelwa ta ce in gaya maka har yanzu ba ta ga goron cibiyarka ba. Ka gaishe mini da Ummukulsum da kyau, da Rahila da ƙannenta, da duk mutanen Adar da kuke tare.

Jiya bayan an sauke tukunya ta ƙarshe na tafi gona ni kaɗai. Gawon Baba yana nan tsaye, Mu'awiya, ko reshe ɗaya ba a taɓa ba, kuma da ruwa ya ɗauke ya fara fitar da sabon ganye. Na miƙa hannu na tsinko maka kaɗan. Ka buɗe ninkin takardar nan a hankali, yana ciki.

Wassalam. Taka har kullum,
yayarka Tabawa