Taron da Ka Gani a Waya

Bulumkutu, Maiduguri.

Zuwa ga ɗana Habib,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Rumaisa'u da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare ku a Fatakwal. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Ƙafar babanka ta yi sauƙi har ya koma shago, ƙanwarka Muhsinat ta gama jarrabawa. Da hannuna nake rubuta wannan, don in na ɗauko magana a waya sai ka ce layi ba kyau. Takarda kuwa ba ta yankewa.

Kwana uku ke nan tun da kawunka Madu ya gaya mini wai za ka ajiye aikinka ka dawo takarar kansila a sabuwar jam'iyya, don ka ga bidiyon taronsu, ka ce duk mutanen jiha sun juya can. Muhsinat ta nuna mini bidiyon. Habib, sake kallonsa da kyau. Matar da ke gaba cikin shuɗiyar atamfa tana ɗaga hannu biyu, ni ce. Ba jinjina nake yi ba, maƙwabciyarmu Talatu nake kira, ta tafi da gorar ruwana. Mai guɗar da ke gefena kuma gwaggonka Rakiya ce.

Ranar Asabar aka yi wannan taron a Mafoni. Ranar Litinin tsohuwar jam'iyya ta yi nata a Lamisula, mu ne dai muka cika wurin, mai keke ɗaya ma ya kai mu, atamfar ce kawai ta koma koriya. Ya za mu yi? Shugabar matan sabuwar ta zo sunan ɗanka da turmin atamfa, ta tsohuwar kuma kwana uku ta yi tana zaman makokin kakarka. Wanda ya zo naka ai ka je nasa. Rakiya ma mantuwa ta yi ta ɗaura shuɗin ɗankwali a kan koriyar. Shugabar matan tsohuwar ta taso tana faɗa wai Rakiya za ta kunyata su, tana sunkuyawa sai ga shuɗin zani yana leƙowa ƙarƙashin nata. Kowa ya kau da kai.

Saboda kai na shiga gida tara ina tambayar mata wa za su zaɓa. An ba ni shayi, an tambayi lafiyarka, ba wadda ta amsa. Talatu ta ce ƙuri'a kamar cikin fari ce, ba a faɗa, sai dai a gani ranar haihuwa. Babanka da muke shekara talatin da huɗu tare, na tambaye shi, ya ce in miƙo masa buta. Ko mutane sun juya ko ba su juya ba, Allah kaɗai ya sani, kuma ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

A duk unguwar nan ƙuri'a ɗaya ce na san inda za ta faɗa, tawa. In ka ajiye aikin nan, ba kai zan ba ba.

Ka gaida Rumaisa'u, ka shafa mini kan Imran da Khairunnisa. Babanka da Madu da Rakiya suna gaishe ku. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Ya Aisa