Tarar Auren Mace Mai Aiki

Corbin, Kentucky

Zuwa ga ƙanwata Opal,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ya kuma sassauta miki ciwon gwiwar nan. Mu nan da sauƙi. Ɗanmu Ronnie ya samu aikin tuƙin babbar mota, yaransa sai girma suke. Maganar Verna ce ta sa na ɗauki biro, kin kuwa san ni da biro ba ma ga maciji.

Bara kamfanin katakon nan da ya cinye ƙuruciyata ya fito da sabuwar doka. Wai duk wanda matarsa ke aiki a inda ake ba da inshorar lafiya, in yana son ta zauna cikin tasa, sai an riƙa yankar masa ƙarin kuɗi kowane wata. Tara ke nan, Opal, don na auri macen da ba ta zaman banza. Na je ofis na gaya wa yarinyar da ke wurin, wadda na girmi ubanta, cewa Verna matata ce, ba kaya ba ce da zan biya mata kuɗin dako. Ta ce ba ita ta kafa dokar ba. Kullum haka suke cewa. Duk da haka na ce su yanka. Verna ce ta ƙi, wai tsohon jaki ne ni, ita da ko mura ba ta yi za a ci kuɗinmu a banza. Ta koma inshorar gidan burodin da take aiki.

Ashe gudun gara muka yi muka faɗa wa zago. A watan Fabrairu likita ya gano mata ciwon daji a mama, asibitin da ke maganinsa a kusa da mu kuma ba ya karɓar inshorar gidan burodi. Na koma ofis na ce su mayar da ita, ko nawa ne su yanka. Suka ce ƙofa a rufe take sai Nuwamba, sai dai in ta rasa tata, wato ta bar aiki. Ciwo ya san Nuwamba ne?

Ranar Juma'a ta ajiye aikin, ta miƙa wa masu gidan burodin makullinsu. Tun Ronnie na rarrafe ita ke buɗe wurin nan. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi in kwantar da hankalina, yau na samu matar zaman gida, ba tara. Ta yi dariya, ni na kasa. Litinin za a fara maganin. Yanzu haka tana zaune bakin taga, hannuwanta a kan cinya. Tun da na aure ta ban taɓa ganin hannuwan nan a ajiye ba.

Don Allah ki kira ta. Kada ki yi mata jaje, za ta kashe wayar. Ce mata burodinki ya ƙi tashi, ki bar ta ta yi miki faɗa.

Ki gaida 'yarki Jolene da yaranta. Ki gaida mijinki Orville, ko da yake bai zo jana'izar Mama ba, kuma ban manta ba. Ku sa Verna a addu'a.

Yayanki,
Delmer