Safiyar da Baba Torkula Ya Cire Hula

Seember tawa, ruwan farko a kan gonar da ta gaji da jira, inuwar mangwarona da tsakar rana, zaƙin lemon da ya nuna a bishiyarsa!

Yau da safe na ga abin da har in mutu ba zan manta ba. Na ga mahaifinki, Baba Torkula, durƙushe a gonarmu ta Ashige, hularsa a hannu, gwiwarsa cikin raɓa!

Kin tuna ranar da aka ajiye mini sakwara a gidanku, ya ce in sa albarka? Na sunkuya, na gode wa Ubangiji a zuci, na kai hannu kwano. Ashe kowa ido rufe yake, ana jira in fara addu'a a bayyane! Ƙannenki suka ƙunshe dariya, ke kuma kika rasa inda za ki sa fuska. Tun ranar ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda sunan Yesu ke yi wa nauyi a baki ba.

Ina laifinsa? A gidanku ko cinikin doya ake yi sai Yesu ya shigo, Mama tana auna gari tana waƙar coci. Mu kuwa katanga ɗaya muka tashi da maƙwabta Musulmi, addu'armu irin ta doya ce, a ƙarƙashin ƙasa take girma. Ban yi musu ba. Na jira har aka haƙe gona, lokacin tayar da kunya ya sake zagayowa, kewarki tana cina kamar gara.

Yau ya zo sayen iri wajen babana, ya tarar da mu a bakin kunyar farko. A gidanmu garma ba ta taɓa ƙasa sai mun durƙusa, kuma ba mai cewa uffan. Ya tsaya jiran tsoho ya fara. Shiru. Ya dubi leɓen babana yana motsi da addu'a, sai ya cire hula ya bi mu ƙasa. Ya daure, ya daure, ya kasa! Ya ɓarke da addu'a da yarenku na Tibi har tsuntsaye suka watse. Babana bai ji ko kalma ɗaya ba, amma amin ɗinsa sai da aka ji a gonar gaba. Da muka miƙe babanki ya kakkaɓe gwiwa, ya ce in turo magabatana.

Kin ji, hasken idona? In turo!

A ɗakinmu ki yi waƙarki har kwanon rufi ya amsa, ni ne mai amin. Abin da baki ya kasa, ga shi hannu ya rubuta: Yesu ne ya ba ni ke, ba kuma zan kalli wata ba har a mai da ni ƙasa.

Ni ne Ɗanladinki. In kina ganin murna ce ta sa na ƙara gishiri, tambayi gwaggona Rosaline da ta kawo mana kunu. Tambayi maƙwabcinmu Zakiyyu, wanda ya kashe babur ɗinsa a bakin hanya, bai tayar ba sai da babanki ya gama.