Kafson Baba a Cikin Tsokar Nama

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa mai ƙamshin furanni, tare da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Bayan haka, alƙalamina yau nauyi yake yi mini.

Gyambon ƙafar Baba ya ƙi kamewa. Kin san shi da ƙin magani, shi ya sa na ɗauki dabarar marigayiya Inna: nakan tsaga tsokar nama, in cusa kafson kashe ƙwayoyin cuta a ciki, in ajiye masa a gefen faranti. Kullum farantin fes yake dawowa, amma kumburi sai hawa yake yi, har likita ya soma kallona kamar mai sayar da maganin a bayan fage.

Ga kuma Farin-ƙafa, tsohon karen nan da ba ya rabuwa da gindin kujerar Baba, ya kama amai da zawo, ruwa ma ba ya zama a cikinsa. Gida ya yi mini duhu ta fuska biyu. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Mai-baiti

Yayata,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya rasa madafa. Yaya jikin autarki?

Asiri ya tonu. Ina share bayan kujera sai na ga ɓawon kafso, ja da rawaya, a cikin aman karen. Ashe Baba sunkuyar da hannu yake yi ya miƙa wa abokinsa tsokar nan, don ita ce mafi laushi, karen kuma haƙoransa sun ƙare. Da na faɗa masa, sai ya ce wane mahaukaci ne ke ɓoye magani a nama a gidan da ke da kare, ya kuma ce tunda ni mawaƙi ne, in tafi in rera wa kafson waƙa ko zai fito. Daga nan ya juya fuska bango.

Likitan dabbobi ya riƙe Farin-ƙafa, ya ce maganin mutum ya yi wa cikin tsohon kare yawa, jikinsa ya bushe. Baba kuwa ya yi alkawarin haɗiyar maganinsa da ruwa, muddin za a dawo masa da karensa. A hanya na tsara wannan:

Hannun da ya so ya ciyar da masoyi,
Shi ne ya miƙa masa ɗaci a ɓoye.

Naki,
Mai-baiti

Yaya,

Gaisuwa a taƙaice, ki gafarce ni.

Farin-ƙafa ya mutu da hantsi. Likitan Baba ya ce in aka sake tsallake magani, ƙafar sai yanka. Baba yana shan kafsonsa ba gardama, yana tambayata ko karen ya fara cin abinci, ni kuma ina cewa da sauƙi. Na san ranar da ya ji, ranar zai rufe baki ya daina shan magani.

Kalmomi sun guje mini. Ke kaɗai yake jin maganarki. Don Allah ki taho, kafin ya nemi in kai shi ya ga karen.

Ƙaninki