Fatar da Aka Haife Ta da Ita

Fatakwal, ranar Litinin

Zuwa ga iyalina Ikilima,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jaririyar da Goggo da duk mutanen Yammedi. Ya jego? Ni dai ga ni nan, kullum cikin siminti da ruwan sama.

Hoton jaririyar da yayanki Sulle ya turo ya iso. Ba fuskar na tsaya kallo ba, hannun. Ikilima, fatar gefen faratanta ta bushe tana saɓulewa, sak irin tawa. Ni na san abin da ya cinye mini yatsu, kwaɓin siminti ne. To ita me ta taɓa? Tun da na gani zuciyata take raya mini ko gubar da ta shiga jikina ce na sa wa baiwar Allah.

Ki kai ta asibitin Karaye. Kada Goggo ta shafa mata komai. Na san ba ta ɗauke ni a bakin komai ba, tun da aka yi suna ba a jira ni ba. Amma ban ga laifinta duka ba, mutumin da ba ya nan ba a ajiye masa rana.

Zuwa kuwa ba hali. Shugaban aikinmu ya ce duk wanda ya tafi kafin a gama zuba benen nan, kada ya dawo.

Naki,
Ashiru

Fatakwal, ranar Alhamis

Zuwa ga Ikilima,

Ina gaishe ki, ina gaida Goggo da kyau. Allah ya ƙara lafiya.

Saƙonki ya same ni a bakin aiki, sai da na nemi bulo na zauna. Ashe ma'aikaciyar jinya ta duba ta ce ba ciwo ba ne. Wai wata tara tana kwance cikin ruwa, yanzu ta fito iska, shi ne fatar farko take zubewa wata tana fitowa a ƙasa. Kada a ɓare, kada a cika mata ruwan zafi, ɗan mai kawai, sai in wurin ya yi ja ko ya kumbura a koma. Abin da Goggo ta faɗa ke nan tun farko, da man shanunta a hannu. Ki ce mata ita ce da gaskiya.

Ikon Allah! Ni yatsuna in sun tsage sai su bar tabo. Ita kuwa, da ba ta kai damin gero nauyi ba, an tanadar mata sabuwar fata tun kafin tsohuwar ta gaji. Wa ya auna? Wa ya ɗinka har gefen farce, wurin da bai kai ƙwayar dawa ba? Na daɗe ina juya abin, ban kai ƙarshensa ba.

Sai kuma wani tunani ya zo mini. Kin ce ta kusa gama zubewa. Ke nan in na jira bene, fatar da aka haife ta da ita za ta tafi ban taɓa ta ba. Kowa a Yammedi ya riƙe wannan hannu ban da ni.

Na gaya wa shugaban aiki zan zo gida. Ya ce in na tafi, na tafi ke nan, ban kuma zarge shi ba, shi ma yana da na sama da shi. Motar wani direba, Mijinyawa, da ta kawo albasa za ta juyo arewa jibi, ya ce akwai wuri a baya.

Ban san me zan yi bayan nan ba. Ki dai lallaɓa wajen yi mata wanka, ko yatsa ɗaya ne a rage mini.

Mijinki,
Ashiru