Idon Inna

Tokyo, 5 ga Afrilu, 1967

Yaya Fusae,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Nan furanni sun buɗe, ku kuwa na san har yanzu kuna fama da sanyin kan dutse. Yaya Inna da ƙafar tata? Yaya 'yarki Tomie da nauyin ciki?

Akwatin talabijin da na aiko ya kamata a ce ya iso. Ki sa a kafa eriya kafin Lahadi sha shida ga wata. Ƙarfe bakwai na yamma, a shirinmu na "Bayan Goshi", za a nuna labarin da na rubuta ni kaɗai, da sunana ɓaro-ɓaro. Shiri ne kan mutanen da ƙwaƙwalwarsu ta fi ƙarfinsu: wannan ya karanta zuciyar mutane, wancan ya tsayar da jirgin ƙasa da tunani kawai. Shekara shida ina gyara wa wasu rubutu, yau ga tawa ta zo.

Ki gayyato maƙwabta, ki zaunar da Inna a gaba. Masu cewa ɗan mai awara ba zai zama komai ba su zo su kashe kwarkwatar ido.

Ƙaninki,
Shigeharu

*

Okudani, 17 ga Afrilu

Shigeharu,

Ina gaishe ka, don Inna ta hore mu da gaisuwa ko da maƙiyi ne.

Mun kalla. Mutum ashirin da uku a ɗakinmu, ba masaka tsinke. Inna ta dafa shinkafa da jan wake irin ta ranar murna, ta sa rigarta ta zuwa biki, ta zauna a gaba kusa da ƙawarta Kume ta gidan ƙasan gada.

Sai ga tsohuwa a allon tana niƙa waken suya, tana jan ƙafar hagu. Ta ga saniyar maƙwabci, ta goge hannu a jikin zane, ta karkata kai ta ce, "Kai, abin sha'awa!" Saniya ta faɗi tana shure-shure. Can wani likita ya ɗaura mata wayoyi a ka, ya ce wai igiyar lantarki ce ke fita daga ƙwaƙwalwarta, kuma gadonta ake yi ta wajen uwa.

Wa ke jan ƙafar hagu a Okudani? Wa ke cewa "Kai, abin sha'awa" ko kabewa ta gani? Ka manta gidan da Inna ta fito? Ka manta ana ce wa danginta masu dila, wai suna kiwon dilolin da ido ba ya gani, duk abin da suka yaba sai dilolin su je su lalata? Dangin Baba sun yanke shi don ya aure ta. Shekara arba'in tana wanke kwanukan gidan mutuwa, tana rabon dusar awara kyauta, kafin mutanen nan su yarda su ci abin hannunta ba tare da sun shinshina ba. Kai ka tone maganar cikin rabin awa.

Na ga Kume ta ture kwanonta a hankali da ɗan yatsa. Da sunanka ya fito, Inna ce kaɗai ta tafa. Ta juyo tana cewa, "Kun gani? Sunan Shige ne!" Kowa na neman takalminsa.

Ni na kwashe shinkafar na zuba wa kaji. Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa. Tir da wannan aiki.

Ka huta lafiya, in ka iya.
Fusae

*

Tokyo, 29 ga Afrilu

Yaya,

Gaisuwa da ban-girma. Na karanta wasiƙarki sau uku, kuma ina ganin kin yi mini gaggawa.

Ba haka na rubuta ƙarshen ba. A nawa, ana gano cewa gubar wata masana'anta ce ke kashe shanun, tsohuwar ba ta da laifi, mutanen ƙauyen ne suka ji kunya. Don in wanke Inna na rubuta shi! Darakta Horiuchi ne ya yage shafi huɗu na ƙarshe a gabana, ya ce, "Kai malam, wa'azi muka ce ka kawo? Yara tsoro suke so." Ya kuma ce kamfanin da ke ɗaukar nauyin shirin ba ya son jin kalmar masana'anta. Da na yi gardama, da sunan wani za a sa.

Maganar ƙafa da sauransu, marubuci da abin da ya sani yake aiki. Ban sa sunanta ba, ban sa sunan ƙauyen ba. A nan kowa yabo yake, an ma ba ni wasu labarai biyu. Haba Yaya, ana harba kumbo sama, a ce wani na tsoron dila? Kwana biyu za su manta.

Ki gaida Inna da kyau.
Shigeharu

*

Okudani, 3 ga Yuli

Shigeharu,

Ina gaisuwa. Ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, komai ya yi funfuna, har da ni.

Na daɗe ban amsa ba don duk na ɗauki alƙalami sai in ajiye shi. Wato kana tsaye aka yage shafukan da ke wanke uwarka, ka zaɓi sunanka, sannan ka rubuto mini in zaunar da ita a gaba. Ka san ƙarshen da za a nuna lokacin da kake liƙe ambulan. Wannan ne ya fi ba ni ƙyama.

Ba su manta ba. Awarar da nake yi a da kan ƙare kafin hantsi, yanzu rabi ke tsami a ruwa. In Inna ta wuce ƙofar gida, sai a watsa gishiri a bayanta, wai don korar mugun abu. A watan jiya ta leƙa rumfar tsutsar silikin Kume, baki ya saba, ta ce abin da takan ce. Bayan mako tsutsotsin suka mutu. Duk daminar da ta yi nauyi mutuwa suke, Kume ta fi kowa sani. Amma ta zo har ƙofarmu ta ce, "Ba faɗa na zo ba, Fusae. Ki dai riƙa kula da inda take kallo." Matar da Inna ta karɓi haihuwar 'ya'yanta uku!

Duk wannan zan iya ɗauka. Na san halinsu, na raina su tun ba yau ba. Ga abin da ba zan iya ba: Inna ta yarda.

Shekara saba'in ana ce mata mai dila tana dariya, tana cewa in tana da diloli ai da ta sa su niƙa. Amma ran nan ta ce mini, "Fusae, likitan nan ya ce mai abin ba ta sanin tana da shi." Na ce, "Inna, ɗan wasa ne, rigar ma aro ce!" Ta ce, "Shige ya yi karatu. Ba zai rubuta ƙarya a kaina ba."

Tomie ta sauka ranar Talata, mace. Aka kawo jaririya, Inna ta juya fuska bango. Tomie na kuka tana cewa, "Kaka, ki dube ta mana!" Ita kuwa sai cewa take, "Ku ɗauke ta, ku ɗauke ta tun ban ga kyanta ba." Yanzu da malafa take yawo har cikin ɗaki, ta ja ta kan ido, ƙasa kawai take kallo.

Ga igiyar lantarkinka nan tana aiki. Sai ka rubuta labari na uku.

Fusae

*

Tokyo, 20 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa, kaina a ƙasa. Zan zo bikin Bon na tunawa da mamata, mu je kabarin Baba tare. Zan durƙusa gaban Inna in gaya mata da bakina cewa ni na ƙirƙiro likitan da wayoyinsa, a kan teburin shan shayi. In ta dubi idona za ta san gaskiya nake faɗa. Ki roƙa mini ita.

Shigeharu

*

Okudani, 2 ga Agusta

Shigeharu,

Muna gaisuwa. Na karanta mata wasiƙarka sau biyu. Ta tashi ta fito da katifarka ta shanya a rana. Da yamma ta naɗe ta, ta mayar.

Ta ce kada ka zo. Kada ka ɗauka fushi ne, da fushi ne da na ji daɗi. Ga maganarta, ban ƙara ba ban rage ba: "Ba abin da nake sha'awa a duniya kamar yaron nan. In na gan shi, bakina zai suɓuce."

Hotonka da ke kan durowa ma ta kifa shi tun watan jiya, wai don ta tsare ka.

Ka zauna lafiya.
Fusae