Shaidar da Na Hana Ka a Zauren Liman

Zuwa ga yayana Sale, wanda garinmu ya sani da Sale Soja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙani ga wansa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama da yalwar kabari. Ni ne Mudi. Na san ba karantawa za ka yi ba, tsufa bai kai ni ga ruɗewa ba tukuna. Na rubuta ne a fili, don jikokinka da duk mutumin ƙasar Yako da ya taɓa jin an ce kai mai bautar rana ne. Wannan suna har yau yana bin gidanka, kuma ni na bari ya manne maka.

Lokacin da kuka dawo daga yaƙin Bama ina matashi. Ka dawo ko yatsa ɗaya bai ɓace ba, amma hannunka na rawa, in tulu ya faɗi ya fashe sai ka zube ƙasa ka rufe kai. Inna ta kai ka wurin malamai, ka sha rubutu, aka yi addu'a, abin ya ɗan lafa. Sai muka lura kullum bayan asuba kana ɗaukar buzunka ka zaga bayan rumbu.

Ka ce a asibitin soja na ƙasar Indiya ka koya, wurin wani dattijo mai jinya da ya ga ba ka iya barci. Su yoga suke ce masa. Mu bakinmu bai ɗauka ba, muka sa masa miƙar Soja. Ka tsaya cak, ka ɗaga hannu sama, ka sunkuya a hankali, ka durƙusa ka miƙa hannuwa gaba har goshi ya taɓa buzu, kana jan numfashi ta hanci kana saki. Abin da kake yawan faɗa shi ne, “In zuciya ta tashi kada ka yi kokawa da ita, ja numfashi ka ƙirga huɗu.” Shekaru kana yi kai kaɗai, rawar hannun ta tafi, ka koma gona, ka auri Hanne.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni ne ɗalibinka na farko.

Ina da murya, wannan kowa ya sani, amma ba ni da numfashi. In ladan ya yi tafiya aka ce in kira salla, sai in tsinke a tsakiyar kalma kamar an shaƙe zakara, mutane na sunkuyar da kai suna danne dariya. Kai ka kira ni ɗakinka, ka kama hannuna ka ɗora a cikinka, ka ce, “Daga nan ake ɗauko shi, ba daga maƙogwaro ba.” Damina guda cur muna yi. Ka tuna sharaɗin da na kafa maka? Sai an saki asabari, kada kowa ya gan ni. Ka yi dariya ka sake shi. Ashe tun a lokacin halina ya nuna, kai ne ba ka ɗauke shi komai ba.

Wajen shekara goma da dawowarku, lokacin da ake ta maganar zaɓe da mulkin kai, mutane suka fara zuwa. Tanko maƙeri ne ya fara, bayansa ya ƙage har sai an kama shi yake tashi daga gaban zuga. Sai Ɗanjuma, wanda kuka je Bama tare, wanda tun dawowarsa ba ya zama cikin mutane, ko gaisuwa da ka yake amsawa. Da aka gama kaka aka kai dawa rumbu, bayan rumbunka ya yi kaɗan, kuka koma masussuka a bakin gari.

Na sha leƙa ku daga nesa. Dattawa da gemu fari fat suna ƙoƙarin tsayuwa da ƙafa ɗaya, wannan ya tuntsura, wancan ya ce masa sai dai jikokinsa su zo su tashe shi. In an gama a zauna a sha kunun tsamiya, a nan ake shirya gayya, a nan ake jin wa ke kwance ba lafiya a je dubiya. Da kunnena na ji Ɗanjuma ya ƙyalƙyale da dariya a wurin. Wallahi sai da na tsaya na sake dubawa ko shi ne.

Kuskurenku ɗaya ne, kuma ba wanda ya lura da shi cikinku. Mutumin ƙasarmu in ya shimfiɗa buzu a ƙasa, gabas yake fuskanta ko bai yi niyya ba, jikinsa ya saba tun yana yaro. Lokacin da manomi yake da sarari kuwa shi ne tsakanin asuba da tafiya gona, daidai ɓullowar rana, lokacin da kowane ɗan makarantar allo ya san an hana salla don kada a yi kama da masu bauta mata. Wasu fatake masu zuwa kasuwar Kwanar Dangora suka bi ta wurin. Suka ga maza reras, goshi a ƙasa, rana na fitowa a gabansu, ba kabbara, ba liman. Kafin kasuwa ta watse magana ta zaga, ta dawo mana da ƙari: wai Soja ya zo da addinin Indiya, wai har suna kiran sunan wani abu.

A daidai wannan lokaci tsohon ladan ya gaza, Liman na neman wanda zai ba ladancin. Mu biyu ake ambata, ni da wani mutum. Na fara jin raɗe-raɗi a bakin masallaci, ana cewa yaya ƙanin mai bautar rana zai kira mutane salla. Yaya, ba zan yi maka ado ba. Ban ji zafin abin da ake faɗa a kanka ba, ladancin na ji yana suɓuce mini.

Ranar da Liman ya kira ka zaurensa, gari ya cika har waje. Allah Ya jiƙan Liman, bai zalunce ka ba. Ya sa ka yi abin a gabansa, ka yi. Ya tambayi abin da kake faɗa, ka ce ƙirga kake yi, wani lokaci kuma hailala. Sai ka waiwayo, fuskarka a sake, irin ta mutumin da ya san nasa na nan. Ka ce, “Ga ƙanina Mudi, ɗalibinku ne, Malam, tare muke kwana muke tashi, a tambaye shi.”

Liman ya tambaye ni abu biyu. Ko na taɓa yin wannan miƙa, na ce ban taɓa ba. Ko zan shaida babu bauta a cikinta, na ce, “Allah gafarta Malam, jikinsa nake gani, ban san abin da ke zuciyarsa ba.”

Tir da wannan magana. Na tsara ta ne tun a hanya don ta yi kama da tsantseni, har wasu suka gyaɗa kai suna cewa yaro ya yi magana ta ilimi. Ilimin me? Na san zuciyarka fiye da tafin hannuna. Kai ne ka goya ni muka tsallake rafi shekarar da ruwa ya ci gadar kara, kai ke tashina sallar asuba in na yi nauyin barci. Kalma ɗaya za ka faɗa ka tona ni a gaban kowa, Hanne ma shaida ce, ita ke ajiye mana ruwa a ƙofar ɗakin. Ka dube ni, ka mayar da kai ƙasa, ka ce, “To, shi ke nan.”

Liman ya ce bai ga shirka ba, amma a bar wannan lokaci sai hantsi, a kuma juya fuska kudu don a toshe zato. Ka ce ka ji ka bi. Washegari da hantsi ka shimfiɗa buzunka a masussuka, kana kallon kudu. Ba wanda ya zo. Mutane ba hukuncin Liman suka riƙe ba, maganata suka riƙe, suna cewa mutumin da ƙaninsa ciki ɗaya ya kasa shaida, su wa za su shaida? Tanko ya lallaɓo sau biyu, 'ya'yansa suka hana shi. Ɗanjuma ya koma ɗakinsa ya saki asabari, bayan shekara guda aka wayi gari ba shi, har yau ba a san inda ya nufa ba.

A sahu aka fara barin rata a gefenka. Da babbar salla ka yanka ragonka, Hanne ta rarraba nama gida gida kamar yadda aka saba, kwanuka suka riƙa dawowa a rufe yadda suka tafi. Ina zaune a tsakar gida ina gani tana jera su a gindin rumbu tana share ido da bakin zane. Ban tashi ba.

Aka ba ni ladanci. Ranar da na fara, na ja kira tun daga farko har ƙarshe ban tsinke ba, dattawa na ta sa albarka, wai wannan numfashi baiwa ce daga Allah. Ina saukowa na same ka a ƙofar masallaci, can gefe. Ka kama hannuna ka ce, “Madalla, Mudi, ka riƙe shi har ƙarshe.” Hannunka na rawa a cikin nawa. Da zagina ka yi da na fi samun sauƙi.

Kafin damina ta faɗi ka ɗaure kaya, ka ce za ka Riruwai haƙar kuza. Inna ta raka ku, kai da Hanne da ɗanka, har bakin gari tana kuka. Ni na ce azahar ta kusa, ba mai kiran salla. Ko hantsi bai gama ba, Yaya.

Damina biyu ta wuce. Inna ta kwanta ciwo, ta ce in ban je na ɗauko ka ba kada in tsaya a kan gawarta. Na hau babbar mota daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada, sauran na taka da ƙafa cikin duwatsun Doguwa, ina ta gyara maganar da zan faɗa maka. Na tarar an yi sadakar bakwai ɗinka da kwana uku. Ciwon ƙirji ne, aka ce bai daɗe da kai ba.

Ma'aikatan kuza suka kewaye ni, Hausawa da waɗanda ko yarensu ba na ji. Ashe a can ma ka tara mutane, masu ciwon baya da masu kasa barci, kuma ba wanda ya ce maka kanzil. Wani dattijo ya riƙe ni yana cewa ni ne Mudi ladan, kullum sai ka yi musu labarin muryata. Ba ka taɓa gaya musu abin da ya fitar da kai daga gida ba. Hanne kuwa ta ce ka bar mata wasiyya, in na zo kada ta faɗa mini magana mai zafi, wai ƙuruciya ce. Wace ƙuruciya? Ina da mata da 'ya'ya biyu a lokacin.

Za ka ɗauka daga nan na dawo na tsaya gaban jama'a na faɗi gaskiya. Ina! Na dawo da Hanne da ɗanka, na ciyar da su, na ce wa kaina wannan ya isa kaffara. Duk shekara in ce bana zan faɗa, sai in tuna za a ce ladan ya yi ƙarya a zauren Liman, in haɗiye. Haka na yi ta yi har gemuna ya yi fari.

Watan jiya mutane suka zo daga Tudun Wada neman auren jikarka Rabi, yarinya mai hankali, ita ma tana son yaron. Sun ji ƙishin-ƙishin a kan kakanta, suka ce ba za su kawo kaya ba sai sun ji daga bakin babban gida. Babban gida kuwa yanzu ni ne. Suka zauna a zaurena suka yi mini tambayar da Liman ya yi mini, kusan kalma da kalma.

Na faɗa musu duka. Masussuka, da gabas, da asabarin da na sa ka saki, da ƙaryar da na yi. Na ce ban taɓa sanin mutumin da ya fi ka tsare salla ba. Sai babbansu ya ce, “Malam, duk shekarun nan da wannan a cikinka kake kiran mutane salla?” Ranar Juma'a na maimaita a masallaci bayan an sallame, na ce a nemi wani ladan. Cikin waɗanda suka mayar maka da nama ba ko ɗaya da ya rage ya ji, sai 'ya'yansu.

Mutanen Tudun Wada sun aiko jiya, za su kawo kayan Rabi bayan salla. Maganar da ta wanke ka ba ta ɗauke ni tsawon shan kunu ba, Yaya. Da na faɗe ta a ranar da ka waiwayo kana nemana, da a gida za ka tsufa, Inna ta gan ka kafin ta cika.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya ba ka ladan duk wanda ya sami barci ko ya miƙe tsaye ta dalilinka. Allah Ya jiƙan Inna da Hanne, Ya sa Ɗanjuma ya cika a hannun mutanen kirki. Ni kuma na san ka riga ka yafe, wannan ne ma ya fi yi mini nauyi. Ina roƙon Allah Ya yafe mini, Ya ba ni fuskar da zan dube ka da ita ranar da za mu haɗu.

Ƙaninka mai jin kunyarka,
Mudi